Minti Tara da Rabi Cikin Duhu: Labarin Faifan Farko na Bauhaus

Ranar Juma'a 26 ga Janairun 1979, wasu samari huɗu suka shiga wani ƙaramin ɗakin ɗaukar sauti mai suna Beck Studios a garin Wellingborough da ke tsakiyar Ingila, ɗauke da ganguna da jita biyu. Uku daga cikinsu shekarunsu 21, autansu kuwa 18. Mako shida ke nan kacal da suka haɗu a matsayin ƙungiyar kiɗa. Babu kamfanin da ya san da zamansu, babu jaridar da ta taɓa buga sunansu. Cikin awa shida suka ɗauki waƙoƙi biyar. Guda daga ciki sau ɗaya suka buga ta, tun daga farko har ƙarshe, ba a tsaya gyara ba, ba a sake ba. Da aka duba agogo, sai aka ga ta kai minti tara da rabi, a zamanin da gidajen rediyo ke ganin waƙar minti huɗu ma ta cika tsawo.

Sunan waƙar "Bela Lugosi's Dead", wato Bela Lugosi ya mutu. Sunan ƙungiyar Bauhaus. A watan Agustan wannan shekara aka fitar da ita a faifan garmaho, ita ce ta zama faifansu na farko. Ba ta taɓa shiga jerin manyan waƙoƙin da suka fi ciniki a Birtaniya ba. Amma yau, fiye da shekara 40 bayan nan, duk wanda zai ba da tarihin kiɗan nan mai duhu da ake kira gotik, daga kanta yake farawa. A Leipzig, a Los Angeles, a birnin Meziko, har yanzu ana samun matasa sanye da baƙaƙen kaya waɗanda jin bugun farko na gangarta ya ishe su su miƙe tsaye.

Wanda ya ji ta karon farko zai yi tsammani daga sama ta faɗo. Amma idan aka bi diddigi, kowane ɓangare nata yana da gidansu: kiɗan maƙwabta 'yan Jamaika, tsofaffin finafinan da ake nunawa a talabijin da tsakar dare, labarin wani baƙo ɗan gudun hijira da ya mutu cikin talauci, da kuma sanyin wani hunturu da Ingila ba ta manta da shi ba.

Garin takalma a lokacin hunturu

Samarin huɗu 'yan yankin Northampton ne, gari mai nisan kilomita ɗari da 'yan kai arewa da Landan. Da sana'ar takalmi aka san garin tun ɗaruruwan shekaru. Shi da garuruwan da ke kewaye da shi ne suka ɗinka wa sojojin Birtaniya yawancin takalman da suka shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya da su, kuma har gobe laƙabin ƙungiyar ƙwallon ƙafar garin yana nufin masu ɗinkin takalma ne. Ko takalman Dr. Martens da masu kiɗan pank suka mayar alamarsu, a ƙauyen Wollaston ake yin su a lokacin, kusa da Wellingborough. Sai dai a ƙarshen shekarun 1970 masana'antun sun fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, saboda takalma masu araha da ake shigowa da su daga waje. Saurayin da ya gama makaranta a irin wannan gari, zaɓinsa bai da yawa: ya shiga masana'anta, ya shiga sito yana ɗaukar kaya, ko ya jira tallafin gwamnati.

Daniel Ash, mai jita, ya yi makarantar koyon zane, haka ma David J, mai jitar bes. Kevin Haskins, mai ganguna, ƙanin David ne uwa ɗaya uba ɗaya. Su ukun sun riga sun gwada wasu ƙananan ƙungiyoyi da ba su kai ko'ina ba. Na huɗun, Peter Murphy, abokin Ash ne tun suna makaranta, ɗan gidan Katolika masu asalin Ailan, kuma a gidan ɗab'i yake aiki. Bai taɓa waƙa a gaban jama'a ba, bai taɓa rubuta baiti ba. Ash ne ya matsa masa, don yana ganin tsayinsa da ramarsa da kaifin fuskarsa sun dace da dandali. Da aka ba shi makirufo, sai ga wata murya mai kauri da zurfi da ba wanda ya san yana da ita. Wasansu na farko a wata mashaya a Wellingborough suka yi shi, daren shiga sabuwar shekarar 1979.

Wannan hunturu shi ne mafi sanyi da Birtaniya ta gani cikin shekara 16. Gwamnatin James Callaghan ta ƙayyade ƙarin albashi a kashi 5 cikin ɗari, ma'aikata suka ce ba su yarda ba. Direbobin manyan motoci suka ajiye aiki. Ranar 22 ga Janairu, kwana huɗu kafin samarin su shiga Beck Studios, ma'aikatan gwamnati kusan miliyan ɗaya da rabi suka yi yajin aiki na yini guda. Shara ta taru tsibi-tsibi a dandalin Leicester Square a tsakiyar Landan. A Liverpool masu haƙa kabari ma suka shiga yajin, gawarwaki suka yi ta jiran binnewa. A watan Mayu Margaret Thatcher ta ci zaɓe. Waƙar Bauhaus ba ta ambaci albashi ko yajin aiki ba, amma a ƙasar da matattu ke jiran kabari aka ɗauke ta, kuma sanyin yana jikinta.

Bayan ƙurar pank ta lafa

Shekara uku kafin nan, kiɗan pank ya tayar da ƙura a Landan. Saƙonsa gajere ne: ba sai ka ƙware ba, ɗauki jita ka hau dandali. Waƙoƙinsa gajeru ne, masu gudu, masu ihu, cike da fushin matasan da suka ga ƙofofi a rufe. Amma wutar kara ba ta daɗewa. A watan Janairun 1978 ƙungiyar Sex Pistols ta watse a San Francisco, kuma mako guda bayan Bauhaus sun ɗauki waƙarsu, Sid Vicious na Sex Pistols ɗin ya mutu a New York yana da shekara 21.

Waɗanda suka biyo baya sun riƙe izinin da pank ya ba su, suka bar gudun da ihun. Su ne ake kira 'yan bayan-pank. John Lydon, mawaƙin Sex Pistols, ya kafa Public Image Ltd, ya tura jitar bes gaba har ta zama uwar kiɗan. A Landan akwai Siouxsie and the Banshees. A Manchester akwai Joy Division, waɗanda babban faifansu na farko ya fito a watan Yunin 1979. Kowa yana neman amsar tambaya guda: idan an gama ihu, me ya rage a faɗa? Da yawa suka juya ciki, suka koma kan kaɗaici, tsoro, birni da daddare, da mutuwa.

Sunan da samarin Northampton suka zaɓa ya nuna inda hankalinsu yake. Bauhaus makarantar zane da gine-gine ce da Walter Gropius ya buɗe a birnin Weimar na Jamus a 1919, wadda 'yan Nazi suka tilasta rufe ta a 1933. Koyarwarta ita ce a cire duk wani adon da ba shi da aiki, a bar ƙashin abu a fili. Da farko ma "Bauhaus 1919" suka kira kansu, kafin su yar da shekarar. Wannan aƙida ta rage kaya ita ce ta fi komai fitowa a faifan nasu na farko.

Abin da kunne ke ji

Waƙar tana buɗewa da ganga kaɗai. Haskins yana ƙwanƙwasa bakin ƙaramar ganga da sanda, ƙas, ƙas-ƙas, kamar mai buga ƙofa a gidan da babu kowa. Wannan salon bugu na bosa noba ne, kiɗan shaƙatawa na bakin teku a Brazil, wanda ya koya tun yana ɗalibin ganga. A nan an tsame shi daga rana an kai shi ɗaki mai sanyi. Kowane bugu yana da amsa-kuwwa da ke binsa, tana maimaituwa tana raguwa har ta ɓace.

Sai bes ya shigo da muryoyi ƙalilan da ke gangarowa ƙasa, su koma sama, su sake gangarowa, kamar mai sauka matakalar rijiya. Ash kuma ba ya kaɗa jitarsa yadda aka saba. Yana karce tsirkiyoyin, yana goga su, yana fitar da ƙara irin ta ƙofar ƙarfe mai tsatsa ko ta jemagu a rufin tsohon ɗaki. Ana shafe kusan minti uku a haka kafin a ji muryar mutum. Lokacin da waƙoƙin pank biyu za su fara su ƙare, nan ba a ma buɗe baki ba.

Da Murphy ya shigo, bai yi ihu ba. Da ƙasan maƙogwaro yake magana, a hankali, kamar mai sanar da rasuwa. Baitocin, waɗanda David J ya rubuta bayan ya sha kallon finafinan masu shan jini a talabijin, 'yan kaɗan ne. Hoton jana'izar wani tauraro ne da aka zana da kayan finafinansa. Daga baya 'yan ƙungiyar sun sha faɗa cewa akwai wasa a cikin rubutun. Amma Murphy bai rera shi da wasa ba, kuma abin da faifai ya kama ke nan. Zuwa ƙarshe muryar tana tashi, tana karo da amsa-kuwwarta, sannan komai ya janye, a bar gangar nan da ta buɗe ƙofa ita ta rufe.

Ƙarfin waƙar yana cikin wuraren da aka bari fayau. Makaɗin da bai gama yarda da kansa ba yakan cika ko'ina da kiɗa don tsoron shiru. Waɗannan samari, da mako shida kacal a tare, sun yi haƙurin barin shirun ya yi aikinsa. Mai sauraro ne ke cike gurbin da abin da ke ransa, shi ya sa tsoron da ke cikin waƙar bai tsufa ba.

Bashin da ake bin su a Jamaika

Wannan dabara ta barin fili tana da masu ita, kuma baƙaƙen fata ne. A unguwar Waterhouse ta birnin Kingston, wani mai gyaran rediyo da lasifika mai suna Osbourne Ruddock, wanda duniya ta sani da King Tubby, ya gano cewa injin haɗa sauti ma kayan kiɗa ne. Yakan ɗauki waƙar rege da aka gama, ya cire muryar mawaƙi, ya bar ganga da bes tsirara, sannan ya riƙa jefo guntun murya ko guntun jita cikin amsa-kuwwa su yi ta yawo. Lee Perry ma yana irin wannan aiki a ɗakinsa na Black Ark. Wannan shi ne dub, kuma a bayan faifan rege ake saka shi, don masu manyan lasifika su samu abin girgiza fili.

Tun daga 1948, lokacin da jirgin ruwan Empire Windrush ya sauke ɗaruruwan 'yan Karibiyan a tashar Tilbury, al'ummarsu ta yi ta bazuwa a biranen Ingila, kuma Northampton da Wellingborough suna da nasu kason. Sun zo da manyan lasifikansu da shagalin dare. Yaran Turawa 'yan talakawa da suka taso kusa da su sun ji bes ɗin nan yana ratsa bango tun suna ƙanana. A kulob ɗin Roxy na Landan a 1977, Don Letts, ɗan asalin Jamaika, rege da dub yake saka wa 'yan pank tsakanin wasa da wasa. A daidai lokacin da masu wariyar launin fata na National Front ke maci a tituna, matasa farare da baƙaƙe suna haɗuwa a gangamin Rock Against Racism, wanda taronsa na Victoria Park a watan Afrilun 1978 ya tara dubun dubatar mutane.

'Yan Bauhaus ba su taɓa ɓoye wannan bashi ba. David J ya sha bayyana cewa su masoya dub ne, kuma da nufin yin irinsa suka shiga ɗakin ɗaukar sauti. Injiniyan Beck Studios, Derek Tompkins, wanda ya girme su nesa ba kusa ba, bai hana su ba. Ya bar su suka murɗa na'urar amsa-kuwwa yadda suka ga dama. Duk mai kunnen rege da ya saurari faifan zai gane gida: bes a gaba, ganga a tsakiya, sauran kaya suna zuwa suna wucewa kamar hayaƙi.

Wannan batu ya cancanci a tsaya a kansa, domin hoton da duniya ta riƙe na gotik shi ne farar fuska da aka ƙara wa farar hoda, da tsofaffin majami'un Turai, da maƙabartu masu hazo. Kaɗan ne ke tuna cewa tubalin farko na ginin daga unguwar talakawa a Kingston aka ɗauko shi. King Tubby, wanda aka harbe a ƙofar gidansa a 1989, bai taɓa saka baƙar alkyabba ba, amma hannunsa yana cikin wannan duhu.

Mutumin da alkyabba ta haɗiye

Wane ne Bela Lugosi da har mutuwarsa ta zama waƙa bayan shekara 23? An haife shi a 1882 a garin Lugos, wanda a lokacin yake ƙarƙashin Hangari, yanzu kuma yana Romaniya. Daga sunan garin ya ɗauki laƙabinsa. Ɗan wasan kwaikwayo ne a babban gidan wasa na ƙasa a Budapest, ya yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka ji masa rauni. Saboda rawar da ya taka a ƙungiyar ƙwadagon 'yan wasa, dole ya tsere daga ƙasarsa a 1919, shekarar da aka buɗe makarantar Bauhaus. Ya bi ta Vienna da Jamus, ya isa Amurka a ƙarshen 1920 a matsayin ma'aikacin jirgin ruwa, ba ya jin Turanci sosai.

A 1927 ya fito a wasan Dracula a dandalin Broadway na New York, labarin da Bram Stoker ya rubuta a 1897 game da wani basarake matacce da ke tashi da dare yana shan jinin masu rai. Mafi kusa da shi a tunanin Bahaushe shi ne maye, sai dai wannan jini yake sha a maimakon kurwa, kuma kabari ne makwancinsa. A 1931 kamfanin Universal ya mayar da wasan fim. Lugosi ya karɓi dala 500 a mako na tsawon mako bakwai, kamfanin kuwa ya kwashi riba mai yawa. Lafazinsa na baƙo, kallonsa, gashinsa da aka kwantar baya, da baƙar alkyabbarsa, su suka zama kamannin Dracula a idon duniya har yau.

Nasarar ce ta zame masa kurkuku. Lafazin da ya ɗaukaka shi ya hana a ba shi wani matsayi in ba na mugu ko dodo ba. Finafinan suka yi ta ƙanƙancewa, kuɗin yana raguwa. Ciwon jijiyar ƙafa ya kai shi ga allurar mofin, har ya kasa rabuwa da ita. A 1955 ya kai kansa asibiti a bainar jama'a don neman magani, abin da taurari ba sa yi a wancan zamani. Ya rasu ranar 16 ga Agustan 1956 a Los Angeles yana da shekara 73, ba shi da komai. Iyalinsa suka binne shi cikin alkyabbar Dracula.

Idan aka san wannan, waƙar tana sauya nauyi. Mutumin ya mutu, surar da ya ara kuwa ta ƙi mutuwa, kullum dare tana tashi a talabijin. Mai sauraron da ya ji labarin jemagu da akwatin gawa a baitocin waƙar ya ɗauka yabon shaiɗan ake yi, ya kamata ya sake kasa kunne. Makoki ne na wani baƙo da duniya ta riƙe rigarsa ta yar da shi. Hatta hotunan bangon faifan daga finafinan da ba su da murya na shekarun 1920 aka ciro su, ciki har da fim ɗin Jamus na 1920 game da Dakta Caligari. Da tsohuwar zuma samarin suka haɗa maganinsu.

Shagon Walthamstow da rediyon dare

Ɗaukar waƙa daban, samun mai fitar da ita daban. Kamfanonin da aka kai wa kaset ɗin sun ga tsawonta ya yi yawa. Wanda ya karɓe ta yadda take shi ne Pete Stennett, mai wani ɗan shagon sayar da faifai a unguwar Walthamstow a gabashin Landan, wanda ke buga faifai da sunan Small Wonder. Shi ne ya fitar da faifan farko na ƙungiyar The Cure a ƙarshen 1978, ya kuma buga wa ƙungiyar Crass. Bai ce a datse ko daƙiƙa ɗaya ba. Tun da ƙaramin faifai mai inci 7 ba zai ɗauke ta da kyau ba, sai aka buga ta a babba mai inci 12, irin wanda masu disko da masu rege suka saba da shi saboda yana ba bes wurin numfashi.

Irin waɗannan ƙananan shaguna su ne jijiyar kiɗan bayan-pank. Rough Trade a yammacin Landan, Factory a Manchester, Small Wonder a Walthamstow: mutum ɗaya ko biyu masu kunne, da ɗan jari, da shirin yin asara a kan abin da suka yarda da shi. Ba don su ba, da kaset ɗin Beck Studios ya ƙare a aljihun tebur.

Ƙofa ta biyu John Peel ne ya buɗe ta, mai shirin dare a tashar Radio 1 ta BBC, mutumin da ya shafe shekaru yana saka abin da sauran masu gabatarwa ke gudu, daga pank zuwa rege zuwa kiɗan Afirka. Ya saka waƙar, masu sauraro suka yi ta neman a maimaita, ya gayyaci ƙungiyar ta ɗauki waƙoƙi don shirinsa, aka watsa a farkon Janairun 1980. A wannan watan aka fara buga jerin cinikin ƙananan kamfanoni masu zaman kansu, kuma faifan Bauhaus ya zauna a cikinsa kusan shekara biyu. Bai yi tashin gwauron zabo ba. Daga hannu zuwa hannu ya bi, daga ɗakin wannan ɗalibi zuwa na wancan.

Abin da ya ci Doma

Bauhaus ba su tsaya nan ba. Sun koma kamfanin 4AD, suka fitar da babban faifansu na farko a ƙarshen 1980, sannan wasu uku suka biyo baya. A 1982 sun kai lamba 15 a jerin cinikin Birtaniya da wata waƙar David Bowie da suka sake rerawa. Kiɗansu ya taɓa wurare da dama: akwai mai gudu, akwai mai taushi, akwai na rawa. Amma a shekarar 1982 ɗin aka buɗe kulob ɗin Batcave a unguwar Soho, matasa masu baƙaƙen kaya da baƙin kwalli suka samu matattara, 'yan jarida suka raɗa wa abin suna gotik, suka kuma naɗa Bauhaus iyayen gidan. A 1983 fim ɗin The Hunger na Tony Scott, wanda Bowie da Catherine Deneuve suka fito a ciki, ya buɗe da Murphy a bayan ragar ƙarfe yana rera waƙar. Daga nan hoton ya kafu.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Samarin da suka yi wa Lugosi makoki saboda rigar da ta haɗiye shi, su ma waƙarsu ta farko ta zame musu alkyabba. Sun sha cewa sunan gotik ya yi musu ƙunci, amma ba a saurare su ba. A watan Yulin 1983, bayan Murphy ya yi jinyar ciwon huhu da ta hana shi shiga yawancin aikin faifansu na huɗu, suka yi wasan ƙarshe a Hammersmith Palais suka watse, ba su cika shekara biyar ba.

Ash da 'yan'uwan nan biyu suka kafa Love and Rockets, suka samu kasuwa a Amurka. Murphy ya ci gaba shi kaɗai. Ya auri Baturkiya, ya koma Turkiyya da zama a farkon shekarun 1990, ya karɓi Musulunci, ya shiga karatun Sufaye. A 2002 ya yi faifai tare da makaɗin Turkiyya Mercan Dede, cike da sarewa da kayan kiɗan Gabas. Mutumin da ya fara da kallon kabari ta tagar fim ya ƙare yana neman abin da ke bayan kabarin. Duk da haka, da ƙungiyar ta sake haɗuwa a bikin Coachella na California a 2005, a rataye ya rera waƙar, ƙafa sama kai ƙasa kamar jemage, domin ita jama'a suka zo ji.

Waƙar ta ci gaba da tafiyarta ba tare da su ba. Ƙungiyar Nouvelle Vague ta Faransa ta mayar da ita bosa noba sosai a 2006, kamar ta kai gangar Haskins gidan iyayenta. Massive Attack na Bristol, waɗanda su ma 'ya'yan dub ne, sun buga ta a dandali. Tun 1992 ake taron gotik na shekara-shekara a Leipzig, tun 1994 kuma a Whitby, garin bakin teku da Stoker ya sa jirgin Dracula ya tsaya. A 2018 aka fitar da dukan waƙoƙi biyar na ranar nan ta Janairu a faifai guda, yadda aka ɗauke su.

Wanda ya saurari faifan na 2018 zai ji wani abu mai taɓa zuciya. Sauran waƙoƙin huɗu na yara ne masu laluben hanya: nan sun gwada pank, can sun gwada rege, kowace tana nuna wanda suke kwaikwayo. Ita kuwa guda ɗayan ta fito cikakkiya, ba ta kama da ta kowa, alhali da kayan aro aka gina ta tun daga tushe. Abin da faifan farko ke iya yi ke nan, wanda na biyar ba ya iyawa. Masu shi ba su san dokokin sana'ar ba tukuna, ba su da masoyan da za su ji tsoron ɓata wa rai, ba wanda ya gaya musu cewa minti tara ya yi yawa ko shiru na korar mai sauraro.

A yau ma akwai samari da 'yan mata a wani ɗaki, a wani garin da masana'antunsa suka rufe, suna shirin fitar da waƙarsu ta farko mai duhu. Da yawansu za su sayi baƙaƙen kaya da kwalli, su kwaikwayi muryar Murphy. Waɗannan alkyabbar suka gada. Gadon gaske yana wurin wanda ya kasa kunne ga kiɗan da ke ratso bangon maƙwabcinsa, ya ɗauki labarin mutumin da kowa ya manta, ya kuma yi ƙarfin halin yin shiru na minti uku kafin ya buɗe baki.